Fayil Ɗin Sailuba

Ranar da Sailuba ta fara ganin Mu'awiya, ƙafafunsa kawai ta gani. Sauran jikin yana saman tsani, ya cusa kai tsakanin takardu.

"Malam, nan ne rajista, ko kuwa gidan ɓera na shigo?"

Ya sauko a hankali, ƙura har a girarsa. Dogo ne, baƙi, mai sanyin magana. Ya dube ta, ya dubi katin da ke rataye a wuyanta, ya ga mataimakiyar darakta ce a sashen tsare-tsare, sai ya gyara tsayuwa.

"Duka biyun ne, ranki ya daɗe. Sai dai ɓerayen sun girme ni a aiki."

Ta so ta ɗaure fuska, dariya ta ƙwace mata. Shi kuwa bawan Allah, tun daga wannan dariyar bai sake zama daidai ba.

Watan Mayu ne na shekarar 2005, damina ta fara sauka a Lafiya. Abin da ya kawo Sailuba ɗakin ajiyar fayiloli ba ƙarami ba ne. Wata gidauniya ce take ɗaukar manyan ma'aikatan gwamnati, ta tura su wata jami'a a Ingila na wata goma, su ajiye aikin ofis su zauna su yi nazarin yadda ake tsara manufofin gwamnati da tafiyar da mulki. A wannan shekarar gurbi ɗaya aka ba jihar, kuma sunan Sailuba ne a gaba. Sharaɗi ɗaya ya tsaya mata a wuya: sai an nuna shekara goma sha biyu tana aiki, da rahoton da shugabanninta suka rubuta a kanta kowace shekara, na asali, a cikin fayil. Ranar ƙarshe ta watan Yuli za a rufe karɓa.

Ita kuwa a Jos ta fara aiki, a 1992. Da aka ƙirƙiro jihar Nasarawa a 1996, aka zuba fayilolin ma'aikatar tasu cikin buhuna, aka loda a manyan motoci aka gangaro da su Lafiya. Waɗansu aka jera, waɗansu kuwa tun ranar da aka sauke su ba wanda ya kwance bakin buhun. Nata yana cikin waɗanda ba a gani ba. Aka buɗe mata na wucin gadi, wanda bai san da zamanta a duniya ba sai daga 1997.

"Buhu nawa ne?" ta tambaya.

Mu'awiya ya buɗe wata ƙofa ta ciki. Ta leƙa, ta ga buhuna jibge har rufi.

"Tamanin da huɗu, ranki ya daɗe. Na ƙirga su tun zuwana."

"Innalillahi. To shi ke nan, in haƙura."

"Kada ki haƙura tukuna. Buhu ɗaya ko biyu a rana, in Allah ya yarda za mu kai."

"Za mu? Kai da wa?"

"Ni da Baba Aper." Ya nuna wani dattijon masinja, Batibi, da ke gyangyaɗi a kan benci. "Shi ne mai ba da umarni, ni ne mai ɗauka."

Tun daga ranar, duk bayan tashi daga aiki sai ta biyo ta ji inda aka kwana. Da farko a tsaye take tambaya ta wuce. Daga baya ta fara zama a bakin benci. Daga nan kuma sai ga ta da ledar lemu, wata rana kunun aya, wai na Baba Aper ne. Dattijon yana sha yana kallonsu ta gefen ido.

"Madam," ya ce mata wata rana, "wannan yaro bai ci abinci tun safe fa. Fayil naka zai kashe shi. Ni dai na faɗa, ba ruwana."

Kunya ta kama Mu'awiya ya shige cikin buhuna.

A nan ta ji labarinsa. Ɗan Awe ne, mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, mahaifiyarsa Iyatu da dafa gishiri ta yi masa makaranta. Shi ma ya ji nata. Shekararta talatin da biyar, masu neman aure sukan zo da ƙarfinsu, su ji lebul ɗinta, wato matakin muƙaminta a ofis, su ce za su dawo. Har yau ana jiran su.

"Me za ki je ki karanto wanda ba ki sani ba?" ya tambaye ta wata rana yana kaɗe wani fayil.

Ta gyara zama, idonta ya yi haske.

"Ka san ƙauyen Arikya? Sau uku muna haƙa musu rijiyar burtsatse, sau uku tana lalacewa kafin shekara. Mu muna nan a ofis muna zana inda za a haƙa, ba wanda ya taɓa tambayar matan da ke ɗebo ruwan. Ina so in ga yadda waɗansu suke yi har takardar ofis ta zama ruwa a tulu. In na dawo, ba zan sake sa hannu a tsarin da ban ji bakin masu shi ba."

Ya tsaya da kaɗe fayil ɗin yana kallonta. A ransa ya ce, wannan matar dole ta tafi. Wani ɓangaren na ransa kuma ya ce, wata goma fa.

Saƙonsa na farko a waya, rahoton aiki ne tsantsa.

"Ranki ya daɗe, buhu na 19 ya ƙare. Babu. Gobe na 20."

Ta mayar masa: "Sannu da ƙoƙari. Ka ci abinci?"

Kafin a kai buhu na arba'in, saƙonnin sun canza kama.

"Sailu, yau ba ki biyo ba, har Baba Aper ya ce lemu bai zo ba. Ni ban ce komai ba, amma sau shida ina leƙa ƙofa."

"Mitin ne ya riƙe ni, Gishirina. Sau shida kawai? Ni da na zata ka fi haka damuwa da ni."

"Na bakwai ɗin faɗowa na yi daga tsani, shi ya sa ban ƙirga shi ba."

Wata Asabar bayan la'asar ya sa farar shaddarsa guda ɗaya tilo, ya je gidansu a Bukan Sidi ya gaida mahaifinta. Malam Mahmuda ya amsa gaisuwar da fara'a, har ya sa aka kawo ruwa. Da ya ji inda baƙon yake aiki, sai fara'ar ta ɗauke. Ya yi masa tambaya biyu uku, ya sallame shi.

Abin da Mu'awiya bai sani ba, Malam Mahmuda shi ma mutumin rajista ne. Shekara talatin da biyar ya yi a Jos yana ɗinke fayiloli kafin ya yi ritaya.

"Sailuba, zo nan," ya ce bayan baƙon ya fita. "Yaron yana da ladabi, ban ƙi ba. Amma ni na san aikin nan ciki da waje. Yaran da na buɗe wa fayil da hannuna sun zama daraktoci ina nan a kujera ɗaya. Uwarki, Allah ya jiƙanta, ta sha wahalar da ban so ki sha ba. Ke lebul sha huɗu, shi tara. A ofis ya ce miki ranki ya daɗe, a gida ki durƙusa masa? Yau zai iya, gobe zuciya za ta ci shi."

"Baba, ba haka yake ba."

"Kowa ba haka yake ba kafin a ɗaura. Ga Alhaji Hizbullahi nan, sau biyu yana turo min mutane. Ki yi tunani."

Alhaji Hizbullahi shi ne daraktan gudanarwa na ma'aikatar, matarsa ta rasu shekara uku da suka wuce. Ba mugun mutum ba ne, a gaskiya. Irin mutanen nan ne dai da in an yi abin kirki a kusa da su, ba sa ganin laifin a ce su suka yi.

Sailuba ta shiga ɗaki ta yi kukanta, sannan ta ɗauki waya.

"Baba bai amince ba tukuna. Kada ka karaya, ni ban karaya ba."

"Uba ne, yana da gaskiyar jin tsoro. Zan jira. Gobe buhu na 55."

Ranar wata Alhamis, saura kwana goma a rufe karɓa, Mu'awiya ya jawo buhu na sittin da uku daga lungun da rufin yake yoyo. Warin ruɓa ya buge shi. A can ƙasa ya ciro wani fayil da ya manne ya zama dunƙule ɗaya, kamar burodin da ya jiƙe ya bushe. Ya goge bangon da gefen rigarsa. Sailuba Mahmuda.

Ya zauna a ƙasa daɓas.

Wata biyu yana roƙon Allah ya nuna masa wannan sunan, yau ya gani, sai ya ji kamar an cire masa wani abu a ƙirji. Ga uban ya ƙi shi. In ta tafi ta dawo da takardar Ingila a hannu, wa zai sake tuna wani mai kaɗe ƙura? In kuwa fayil bai fito ba, ba wanda zai zarge shi, buhu tamanin da huɗu ba wasa ba. Ya buɗe durowar teburinsa, ya sa fayil ɗin, ya murɗa makulli.

"Yaya, an samu?" in ji Baba Aper.

"Muna dai nema, Baba."

Da ta biyo da yamma ya kasa haɗa ido da ita, ya ce kansa ke ciwo. Ta je ta sayo masa magani da kanta, abin da ya ƙara masa ciwon.

Washegari bayan sallar Juma'a ya dawo ofis, ya buɗe durowar. Ya daɗe yana kallon fayil ɗin, sannan ya ce, "Allah na tuba." Ya aro butar shayi ta lantarki, ya samo reza sabuwa, da takardar shan ruwa, da gam, da siririyar takarda mai nuna abin da ke bayanta. Sai ya turara gefen da tururi, ya zura rezar a hankali, ya ɓamɓare shafi ɗaya, ya shimfiɗa shi ya bushe, ya liƙe inda ya yage ta baya, ya sa masa lamba da jan fensir. A yini in ya yi ƙoƙari, shafi shida. Asabar da Lahadi ma a nan ya yi su.

Bai gaya mata ba. Rahotannin da ake nema su ne a tsakiya, inda ruwa ya fi ci, kuma yana tsoron ya sa mata rai su zo su marmashe a hannunsa. Ban da haka, doka ce ta aikinsu, mai fayil ba ya taɓa fayil ɗinsa, ba a kuma ba shi labarin abin da ke ciki. Can ƙasan waɗannan dalilai masu kyau kuma akwai kunyar ranar Alhamis.

Saura kwana biyu ya gama, shafi arba'in da bakwai, ko ɗaya bai salwanta ba. Ya ɗinke su da sabon zare. Sannan ya yi abin da ɗan rajista na gaske kaɗai zai yi. Ya ɗauki biro ya rubuta a takardar bayani ta farko: "An samo a buhu na 63, a jiƙe. An busar, an gyara shafi na 1 zuwa 47. Ba a cire komai ba." Ya sa ranar da ya gama. Ya tsaya a kan ranar da aka samo, biro a sama. Ba wanda ya gani, ba wanda zai tambaya. Ya rubuta ranar Alhamis ɗin, ya sa hannu, ya ba Baba Aper ya kai ofishin daraktan gudanarwa kamar yadda ƙa'ida ta ce.

Alhaji Hizbullahi ya karanta, ya ƙirga kwanakin da yatsa, ya yi murmushi. Ya aika a kira Sailuba.

"Albishirinki, Hajiya. Fayil ɗinki ya fito, yau zan tura shi."

Ta dafe ƙirji, hawaye suka zubo mata. "Alhamdulillahi. Yallaɓai, yaushe?"

"To, nan ne abin yake. Kin san yaran nan sai ana bin su. Kwana tara yana hannun yaron rajistan nan, ga shi nan da rubutunsa. Ban san me yake jira ba. Wataƙila akwai wanda ba ya son ki tafi."

Ta fito ba ta ganin gabanta. Kwana tara. Kwana taran da take zuwa kullum tana tambaya, yana ce mata ana kan aiki. Ta tsaya a baranda ta rubuta:

"Mu'awiya, tambaya ɗaya. Gaskiya ne fayil ɗina ya kwana tara a hannunka?"

Amsar ta daɗe kafin ta zo.

"Gaskiya ne."

"Na gode. Kada ka sake kira na."

Ya kira duk da haka, sau goma sha ɗaya a ranar, ba ta ɗauka ba. Ya rubuta dogon bayani, ya kai kan ranar Alhamis, ya goge duka.

Sati uku suka yi a haka. Ta daina bi ta rajista, in ta hango shi a farfajiya sai ta canza hanya. A tsakiyar Agusta takarda ta zo, an ɗauke ta, tafiya ƙarshen Satumba. Gida ya cika da 'yan barka, tana ta amsa "Allah ya sanya alheri" da murmushin da bai wuce leɓe ba. Shi kuwa Mu'awiya ya rame, amma bai daina kwance buhuna ba.

"Fayil na madam ya fito, me kana nema kuma?" in ji Baba Aper.

"Na sauran mutane, Baba. Su ma wata rana za su zo."

Malam Mahmuda mutum ne da ba ya barin alheri ya kwana ba godiya. Ya sa babbar rigarsa, ya sayi kwandon lemu, ya tafi sakateriya ya gode wa Alhaji Hizbullahi. Aka karɓe shi hannu bibbiyu. Fayil ɗin ya dawo daga wurin kwamitin gidauniyar, yana nan a kan tebur. Idon dattijon ya sauka a kai, hannunsa ya fara ƙaiƙayi.

"Alhaji, ka ba ni in ɗan riƙe. Ba rahoto zan karanta ba, na san doka. Aikin nake son gani."

Ya juya shafukan ta baya, yana shafa liƙin da ɗan yatsa. Ya ɗaga ɗaya ya duba a hasken taga. Ya dubi lambobin jan fensir, ya dubi ƙullin zaren. Sannan ya karanta ɗan bayanin nan na gaba, sau biyu.

"Alhaji, da me aka raba shafukan nan?"

"Ai... yaran ne dai suka yi dabararsu, Baba."

"Haka ne," in ji Malam Mahmuda. Ya ajiye fayil ɗin da hannu biyu, ya yi godiya, ya bar masa lemun, ya tambayi hanyar rajista.

Ya samu Mu'awiya durƙushe a gaban buhu na saba'in da takwas. Saurayin ya zabura zai gaishe shi, dattijon ya ɗaga masa hannu ya zauna a kan benci.

"Tururi ka yi amfani da shi?"

"E, Baba. Da reza."

"Shafi nawa a yini?"

"Shida, in rana ta yi kyau."

"Ni a ƙuruciyata biyar nake yi." Ya ƙirga da yatsa. "Shafi arba'in da bakwai, shida a yini, kwana takwas ke nan. Kai kuma tara ka rubuta. Ina ɗayan?"

Mu'awiya ya sunkuyar da kai. Ya ce, "A durowa ya kwana, Baba. Na kulle shi. Na so kada ta tafi."

"To me ya sa ka rubuta? Da ka sa ranar Juma'a, wa zai sani?"

"Fayil ne, Baba. Ba a rubuta masa ƙarya."

Malam Mahmuda ya daɗe yana kallon ƙasa. Da ya ɗago, idonsa ya kaɗa.

"Na ce zuciya za ta ci ka in ta fi ka. Ashe ta riga ta gwada, ka fi ƙarfinta a kwana ɗaya. Ni ne ban yi maka adalci ba, ɗana. Gobe bayan la'asar ka zo gida. Abin da ka gaya min, ka gaya mata da bakinka, kada ka rage komai."

A gindin mangwaron tsakar gida suka zauna, ita a kan kujera ta juya masa gefe, shi a bakin tabarma. Ya faɗa mata duka, daga warin buhun har murɗa makullin. Bai nemi ya wanke kansa ba.

Ta juyo a hankali. "Da ka bar shi a durowar, da ban taɓa sani ba."

"Ni da na sani."

"Ka nuna min hannunka."

Ya miƙa. Yatsun duk sawun reza ne, waɗansu sun warke, waɗansu da saura. Ta rufe fuska da mayafi ta fashe da kuka.

"Sati uku ina jin haushinka, kai kuwa ga abin da ka yi min. Ka yafe ni, Mu'awiya. Na gode. Wallahi ban san da wane baki zan gode maka ba."

"Ni ne mai neman yafiya, Sailu. In kin yafe, ki je ki yi karatunki da kwanciyar hankali. Zan jira ki dawo."

Ta share hawaye ta harare shi. "Ka jira wa? In tafi in bar ka da 'yan matan sakateriya wata goma? Ka je ka gaya wa Inna ta shirya, kafin in tafi za a ɗaura."

Daga cikin ɗaki aka ji tarin Malam Mahmuda, irin tarin da ba na mura ba.

Iyatu ta ɗan yi gardama da labari ya je Awe. "Wace irin amarya ce za ta tare yau, jibi ta hau jirgi?" Sailuba ta shiga mota ta je har can da kanta, ta durƙusa ta gaishe ta, ta zauna da ita a wurin dafa gishiri hayaƙi yana shiga mata ido, tana tambayar ta yadda matan garin suke samun ruwa da itace. Kafin la'asar tsohuwar ta kama hannunta.

"Ke kam tafi ki karanto, 'yata. Tun da nake ba ma'aikacin da ya taɓa zama a nan ya tambaye ni wani abu. Allah ya kai ki lafiya ya dawo mana da ke."

Ranar Asabar ta biyu a watan Satumba aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Mahmuda. Ma'aikata suka cika layin, manya da ƙanana. Alhaji Hizbullahi ma ya zo, ya riƙe hannun ango ya daɗe, ya ce, "Malam Mu'awiya, na yi maka ba daidai ba. Ka yi haƙuri." Baba Aper kuwa ya sha sabon yadi, yana bin mutane ɗaya bayan ɗaya yana gaya musu shi ya fara ganin abin tun ranar lemu na farko. Aka ci sakwara da miyar agushi har aka bar saura.

Kwana goma sha shida suka samu. Sailuba ta ce a rayuwarta ba ta taɓa ganin kwanaki masu gudu irin waɗannan ba.

Da safen tafiyar suka rako ta tashar motar Abuja, Malam Mahmuda da Iyatu da ƙawayenta. Direba yana ta danna ham, sauran fasinjoji sun zauna. Amarya ta sa ƙafa ɗaya a mota, sai ta fasa, ta dawo ta tsaya a gaban mijinta, lallen hannunta ko dushewa bai yi ba.

"Ba zan iya ba," ta ce a hankali, hawaye na zuba. "Ka ce in zauna. Wallahi in ka ce in zauna, zan zauna, ba zan taɓa yi maka gori ba."

Da gaske take, kuma ya san da gaske take. Ya dube ta. Sannan ya sunkuya ya ɗauki jakar hannunta, ya sa a kan kujerar da ke jikin taga, ya riƙe mata ƙofa.

"Shiga mota, matata. Ina nan."

Ta shiga. Motar ta ja, yana tsaye yana ɗaga hannu har ta sha kwana. Malam Mahmuda ya matso ya dafa kafaɗarsa. Ba su kai bakin titi ba wayar Mu'awiya ta yi ƙara.

"Mijina, ko Akwanga ba mu kai ba na fara ƙirga kwanakin dawowa. Duk abin da na zama bayan yau, da hannunka a ciki. Allah ya saka maka da alheri, ya bar mu tare."

Ya karanta, ya miƙa wa surukinsa wayar. Dattijon ya nisanta ta da idonsa ya karanta a hankali, ya mayar masa, ya ɗaga hannuwansa sama a nan tsakiyar tasha.

"Allah ya yi muku albarka, kai da ita. Allah ya kai ta lafiya, ya dawo maka da ita lafiya, ya ba ku zuriya masu hali irin naku."

Iyatu ta ce amin, 'yan rakiya suka ce amin. Mu'awiya ya shafa addu'ar a fuskarsa, ya bar hannuwan a nan ya ɗan jima kafin ya sauke.